MAI TAMBAYA BA YA ƁATA: Takardar lanho ba takardar gona ba ce

  

Tambayar wannan wata ta zo mana daga ƙasar Tasawa. Wani manomi ne ya rubuto ta da hannunsa. Bara ya gama makarantar yaƙi da jahilci. Muna yi masa barka, rubutunsa ya karantu sarai.

Ga labarinsa a taƙaice. Mahaifinsa ya sauka garin da suke zaune cikin farin 1973. Ya zo ba shi da komi sai iyali da jaki ɗaya. Wani dattijo ya tausaya masa, ya nuna masa gona ya ce ya noma. Kowace kaka, mahaifin yakan ɗauki dami biyu na hatsi ya kai wa dattijon. Yanzu dattijon ya rasu, mahaifin ma ya rasu. Jikokin dattijon sun yi yawa, gonakinsu ba su isarsu. Sun aiko suna son gonar kakansu.

Mai tambayarmu yana da wani gwangwani cike da takardun lanho, nasa da na mahaifinsa. Ko shekara ɗaya ba su taɓa tsallakewa ba. Wani ya faɗa masa cewa wanda ya daɗe yana biyan haraji a wuri, ƙasar ta zama tasa. Shi ya sa yake tambaya: takardun nan za su iya riƙe masa gonar?

Ɗan uwa, amsar tana da ɗaci, amma gara ka ji ta a nan da ka ji ta gaban alƙali. Takardun nan ba za su riƙe maka gona ba. Sai dai kada ka aje jaridar tukuna. Akwai abin da za ka iya yi, za mu zo kansa.

Lanho na kai ne

Buɗe gwangwanin, ka ɗauko takarda ɗaya. Yanzu ka iya karatu, ba sai wani ya karanta maka ba. Me ka gani? Akwai sunan hukumar da ta karɓa. Akwai shekara. Akwai yawan kuɗi. To duba da kyau. Ina aka rubuta gona? Ina aka rubuta iyakarta ta gabas da ta yamma? Ina sunan maƙwabcinka na kudu da na arewa? Babu ko ɗaya.

Dalili shi ne, lanhon da muke biya a karkara bisa kan mutum aka aza shi. Mai gida yana biya gwargwadon mutanen gidansa da suka isa biya. Mai gona goma da wanda ba shi da ko kunya ɗaya, kuɗinsu ɗaya ne. Maƙeri yana biya, mahauci yana biya, mai tebur yana biya. Kuɗin suna shiga asusun kwamin, wato ƙaramar hukuma, domin ayyukan jama'a kamar rijiya da aji da rumfar kasuwa.

Haka abin yake tun zamanin Turawa. Suna ƙirga kawunan mutane su aza haraji, su ƙirga dabbobi su aza jangali. A zamanin Shugaba Saini Kunce aka sauke wa talakawa babban lanhon kai na gomnati, aka bar ƙaramin da ke zama cikin yanki. Duk cikin wannan tarihi, mutum aka bi da dabba.

To daga ina ruɗanin ya fito? Daga ƙofar mai gari. Shi ke tara lanho, kuma gabansa ake maganar gona. Tun da hannu ɗaya ke yin aikin biyu, sai mutane suka zaci aikin ɗaya ne. Shiga littafin lanhon gari yana nuna kai ɗan garin ne. Maganar wace gona ce taka, wannan wani littafi ne daban.

A birni fa?

Wani zai ce: to a birni ai gida ake aza wa haraji. Gaskiya ne. A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, ma'aikatar haraji tana karɓar kuɗi bisa gine-gine. Amma aikinta karɓar kuɗi ne. Ba ita ke yanke hukuncin wa ke da gida ba.

Ga misali. Yayanka ya tafi Abijan ko Libiya, ya bar maka tsaron gidansa. Shekara bakwai kana biyan harajin gidan daga aljihunka. Ranar da ya komo, kana da ikon ka ce ya maida maka kuɗinka, in ba ka yafe ba. Gidan kuwa yana nan nasa. Abin da ke nuna mai gida a birni shi ne takardar fili da hukumar gari ta bayar, sa'annan babbar takardar mallaka, wadda ake ce wa titir fonsiye.

Labarin Amurka

Samari masu wayar hannu sukan kawo wani labari dandali. Suna cewa a Amurka, in ka biya harajin fili, sai ya zama naka. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma an yanke labarin. A jahar Kalifoniya, mutum yana iya neman kotu ta ba shi fili in ya cika sharuɗɗa. Sai ya zauna cikinsa shekara 5 a jere, a bainar jama'a, kamar nasa, ba da iznin mai shi ba. Kuma sai ya biya duk harajin filin na shekarun nan. Ko can ɗin, biyan haraji shi kaɗai bai isa ba. Wanda aka ba aro kuwa ba ya cikin wannan magana, tun da da izni ya shiga. Bayan haka, dokar Kalifoniya ba ta aiki a Tasawa. Mu dubi tamu.

Me dokar ƙasarmu ta ce?

Ran 2 ga Maris 1993 aka kafa doka mai lamba 93-015. Ita ce uwar dokokin karkara da ake kira Kod Rural. Ta ce ana mallakar ƙasa ta hanya biyu: hanyar al'ada da hanyar rubutacciyar doka. Ta ce kuma duka biyun darajarsu ɗaya. Wannan babban abu ne ga talaka. Gonar da ka gada ga kakanninka, doka ta san da ita ko ba ka da takarda.

Ta hanyar al'ada, gona tana zama taka:

1. In ka gaje ta, kuma dattawan gari sun shaida haka.
2. In sarkin da ke da ikon bayarwa ya ba ka ita har abada.
3. In ka same ta ta wata hanya da al'adar yankinku ta yarda da ita, kamar saye ko kyauta.

Ta hanyar rubutacciyar doka, gona tana zama taka:

1. In an rubuta ta da sunanka cikin babban littafin filaye na gomnati.
2. In akwai takardar da ma'aikacin da doka ta ba iko ya rubuta.
3. In an shigar da ita cikin littafin filayen karkara, an ba ka shaida.
4. In akwai takardar da ku biyu kuka rubuta tsakaninku, kuka sa hannu.

Ku sake karanta jerin nan biyu. Babu inda aka ambaci lanho.

Maganar dami biyu

Yanzu mu komo ga wasiƙar. Mai tambayarmu ya ba takardun gwangwani muhimmanci. Dami biyun da mahaifinsa ke kaiwa kuwa, a layi ɗaya ya ambace su ya wuce. Alhali a gaban sarki da gaban alƙali, dami biyun nan sun fi gwangwanin nauyi.

Ku lura da kyau. Akwai biyan da ke shaida mallakar gona, amma wanda ya karɓa yake yi wa shaida. Dami biyu ba su kai kuɗin hayar gona ba, kowa ya sani. Tuni ne. Duk kaka da mahaifinka ya aza su bisa jaki ya nufi gidan dattijon, kamar ya tsaya tsakar gari ne ya ce: jama'a ku shaida, gonar da nake noma ta wane ce.

Wannan magana ta daɗe tana wahal da ƙasarmu. Ran 25 ga Mayu 1960, zamanin Shugaba Jori Hamani, doka mai lamba 60-29 ta hana rabon da sarakuna da masu ƙasa ke karɓa daga amfanin gonar talaka. Ran 18 ga Disamba 1974 kuma, Shugaba Saini Kunce ya yi jawabi ga ƴan ƙasa. Ya ce duk gonar da mutum ke nomawa ta zauna hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Tsofaffi da yawa sun ji wannan jawabi a rediyo, har yau suna tuna shi. Masu aro da dama suka daina kai dami tun daga ranar.

Amma jawabin ya tsaya jawabi. Ba a maida shi rubutacciyar doka ba. Da dokar 1993 ta zo, sai ta tabbatar da mallakar al'ada. Shi ya sa in rigimar gona ta tashi yau, tambaya biyu ake fara yi. Kakan wa ya sari dajin? Wa ke kai wa wa dami?

Wani zai ce: malamai sun ce wanda ya riƙe abu shekara 10 ya zama nasa. Wannan shi ne hauzi, yana cikin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu. Amma yana da sharuɗɗa. Sai in mai riƙon yana aiki da abin kamar nasa, mai shi kuwa yana nan, yana gani, ya yi shiru, babu abin da ya hana shi magana. Aro da haya da jingina ba su shiga ciki, domin an san asalin yadda abin ya zo hannu. Icce ko ya shekara cikin ruwa ba ya zama kada.

Ku ma masu bada aro, akwai gargaɗi gare ku. Ka ba mutum gona don Allah, ba ka karɓar komi, ba ka rubuta komi ba. Shaidun da ke nan ranar sun tsufa, wasu sun rasu. Gobe ɗanka zai ce aro ne, ɗansa zai ce kyauta ce. Ba mai takarda, ba mai shaida. Ƙarshenta sai rantsuwa da Alƙur'ani, gidaje biyu da ke cin tuwo tare su daina gaisawa.

Gonar wanda ya tafi

Akwai wata tambaya mai kama da wannan da muke yawan ji. Mutum ya tafi bida, ya daɗe bai komo ba. Ɗan uwansa yana biya masa lanho, yana noma gonarsa. Shin gonar ta zama tasa?

Dokar 1993 ta yi magana bisa gonar da aka bari. In gona ta yi shekara 3 a jere ba a aikinta, ba da wani dalili ba, hukumar filaye tana iya ba wani ya noma ta. Amma dokar ta faɗa sarai: rashin noma ba ya raba mai gona da mallakarsa. Noma kawai aka ba wancan. Mai gona yana iya neman a maida masa abinsa bayan aƙalla shekara 3. Kuɗin lanhon da ka biya masa kuwa, bashi ne ko zumunci.

Ku kuma makiyaya

Mun ji makiyaya na cewa: kakanninmu sun biya jangali a wannan daji, saboda haka namu ne. Mun ji kuma manoma na cewa: mu ke biyan lanho a garin nan, saboda haka muna da ikon mu nome burtali. Duka biyun kuskure ne.

Jangali bisa kan saniya aka aza shi. Kuɗin da ake karɓa a kasuwar dabbobi na ciniki ne. Makiyaya da burtali da mashaya dukiyar ƙasa ce, an keɓe su domin amfanin kowa. Doka mai lamba 61-05 ta 26 ga Mayu 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta domin kiwo. Doka mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 ta hana mutum ɗaya ya kame wurin kiwo ya ce nasa ne shi kaɗai, ko attajiri ne, ko mai mulki.

Amma makiyayi yana da haƙƙi, kuma ya kamata ya san shi. Wurin da jama'arku ke zama mafi yawan shekara, inda kuke komowa bayan tafiyar kiwo, doka ta ba ku fifiko a kansa. Ku ne na gaba ga ruwa da ciyawar wurin, ko da yake ba za ku hana baƙo wucewa da shayarwa ba. Ana iya rubuta wannan haƙƙi a hukumar filaye. Ardo da shugabannin rugage, ku nemi a rubuta muku tun wani bai zo da waya da turaku ba.

Ina ake samun takardar gaskiya?

Hukumar filaye ita ake kira Kofo. An fara kafa ta a 1994, a Mirya da Maine Sorowa. Daga baya ta bazu cikin ƙasa. Hawa uku ke kusa da ku:

Kofob, ta gari ko ta ruga. Mai gari ko shugaban ruga ke jagorancinta. Cikinta akwai marubuci da wakilan manoma da makiyaya da mata da samari.

Kofokom, ta kwamin. Shugaban kwamin ke jagorancinta.

Kofodep, ta gunduma. Parafe ke jagorancinta.

A Kofob ana rubuta takardar shaidar gonar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Ba a rubuta su a ɓoye. Ana zuwa gonar, a kira maƙwabta, a bi iyaka, a yi shela domin mai magana ya yi magana. Sa'annan masu abin da shaidu su sa hannu. Wanda ke son takarda mai ƙarfi fiye da wannan, sai ya wuce Kofokom ko Kofodep, a auna gonar, a shigar da ita cikin littafin filayen karkara. In garinku ba shi da Kofob, ku tafi ofishin kwamin ku tambaya. Ku tambayi kuɗin takarda tun farko, kuma ku karɓi shaidar abin da kuka biya.

Mata, wannan magana ta shafe ku. Wadda ta gaji gona ga mahaifinta ko ga mijinta, ko ta saya da kuɗin awakinta, ta sa a rubuta da sunanta.

Shawararmu ga mai tambaya

Na ɗaya, kada ka saida sanka ka shiga shari'a da gwangwanin takardun lanho. Za ka rasa san, ka rasa gonar.

Na biyu, ka nemi tsofaffin da suka ga ranar da aka ba mahaifinka gonar. Ka tambaye su tsakani da Allah: aro ne ko kyauta? In sun shaida kyauta ce ta har abada, kana da magana mai ƙarfi. In sun ce aro ne, ka karɓi gaskiya.

Na uku, ka ɗauki dattawa da liman ku tafi gidan jikokin dattijon da girmamawa. Gidanku ya yi shekaru masu yawa yana zuba taki a gonar nan. Kun raini gawo, kun tsare iyaka. Wannan ba ya ba ka mallaka, amma abin dubawa ne wajen sulhu. Ka roƙi a bar maka wani yanki, ko a saida maka shi, ko a ba ka haya ta shekaru sanannu. Duk abin da kuka shirya, ku kai shi Kofob a rubuta tun ba a watse ba.

Na huɗu, in ba ku shirya ba, akwai hanya. A fara da mai gari. In ta gagara, a je ga sarkin kanto. Sarki zai rubuta takardar sulhu, ko ta rashin sulhu. Da wannan takarda ake zuwa gaban alƙali. Kada kowa ya ɗauki gatari ko sanda. Gonar da aka zubar da jini a kanta, ba mai cin hatsinta da daɗi.

Na biyar, kada ka yar da gwangwaninka, kuma kada ka daina biyan lanho. Takardun suna nuna kai ɗan gari ne mai sauke nauyinsa. Suna nuna tun yaushe gidanku ke zaune a garin. Wannan ma abin alfahari ne.

Jama'a, a ƙidayar 1977 mu kimanin miliyan 5 ne a Nijar. A ƙidayar 2012 mun zarce miliyan 17. Ƙasar noma kuwa ba ta haihuwa. Dā in baƙo ya zo, sai a nuna masa daji a ce ya sara. Yau dajin ya ƙare a wurare da yawa. Maganar baka da ta ishi kakanninmu ba za ta ishi jikokinmu ba.

Ga aikin da muke ba ku wannan rani. Kowane mai gida ya zauna ya lissafa gonakin da ke hannunsa. Wacce ce ta gado? Wacce ce ta saye? Wacce ce ta aro ko ta jingina? Wacce ya ba wani? Ya rubuta su cikin littafinsa, tun da ya iya rubutu. Sa'annan ya nufi Kofob tun ruwa bai sauka ba, domin ranar shuka ce rigimar gona ke tashi.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a dandali da bakin rijiya. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku ta hannun malaman yaƙi da jahilci. Sai wata mai kamawa, in Allah ya kai mu.